Baki Ɗaya

Kafin katin nan ya zo,
kowa da bakinsa a ɗaki na huɗu.
Likitan safe ya ce wa Jadi, "Da sauƙi."
Na marece ya ɗaga hoton ƙirji a taga,
ya yi shiru, ya rubuta ordinansi.
Ni, majo ta dare, na gyara ruwan da ke ɗiga,
na ce, "Allah ya ƙara afuwa," na ja ƙafa.

Baki uku, hanya uku.
Ɗansa Lawali ya bi mafi daɗi:
ya sayar da garkarsu ta Jiratawa,
tumatir a kanta ko ja bai yi ba,
ya zo da kuɗi cikin leda baƙa
zai sayi kwanakin da babu su a kasuwa.
Ran Laraba muka rufe Jadi da zane.
Lawali bai zage mu ba.
Ya ce, "Da kun faɗa mini."
Da ma zagin ya yi.

Sai muka zauna, mu goma sha ɗaya,
shayi ya huce muna gardama a kan kalma guda.
"Mutuwa" ta yi wa harshe nauyi,
"ajali" kuwa ba a hannunmu yake ba.
Can Sahiya, ƙaramar cikinmu, ta ce:
"Maganinmu ya kai iyakarsa, mu ba mu kai ba."
Aka rubuta.

Kati ne, bai fi tafin hannu ba:
Zauna, kada ka faɗa a tsaye.
Kashe waya.
Tambayi abin da ya sani, da abin da yake so ya sani.
Wa yake so kusa da shi?
Faɗa da Hausa, a gajarce.
Na shida: yi shiru.

Tsahara ta Bagalam na fara gwadawa.
Na jawo benci, gwiwata na rawa.
"Inna, me kika sani game da ciwon nan?"
Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan garinmu.
"Ɗiyata, shekara arba'in ina matsar gyaɗa.
Na san tunkuza in mai ya ƙare.
Ku ne kuka tsaya jin kunya."

Duk da haka na faɗa, yadda muka shirya.
Sai na shida.
Ba a rubuta tsawonsa ba.
Na ƙirga ɗigon ruwa har sittin,
ɗan kabu-kabu ya wuce bayan katanga,
fanka na kukanta.

"Zan ga kaka?"
Kati ba shi da wannan.
Na ce, "Allah ne masani, amma ba na zato."
Ta gyaɗa kai.
"To kira mini Baraka, ban da Isufu, shi kuka zai yi.
Indo mai gishiri tana bina jaka uku.
Ku ba ni na kashe zafi,
ku mai da ni gindin bedina."

Kafin asuba na rubuta a rajista,
kalma bayan kalma, har da bashin Indo.
Likitan safe ya karanta, ya jawo benci.
Na marece ma haka.
Tsahara ta yi dariya har tari ya kama ta:
"Yau duk asibitin ya koyi zama."

Ba ta ga kaka ba.
Gero na fitar da kai Baraka ta zo,
da kwalbar man gyaɗa, ta ce wasiyya ce.
Murfin bai rufu sosai ba.
Har yau katin yana aljihuna,
layi biyar na karantuwa tsaf,
na shida ya sha mai,
in na ɗaga shi, haske na ratsawa.